Me ya sa shirin The Office ya ƙi tsufa?

Malam Isiyaku:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta kwana biyu tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harkar wasan kwaikwayo. A makon jiya na shiga ɗakin babban ɗana na tarar da shi kwance yana kallon The Office na Amurka a wayarsa, yana ta dariya shi kaɗai. An fara nuna shirin nan a tashar NBC ranar 24 ga Maris 2005, lokacin da yaron bai ma zo duniya ba, aka kuma rufe shi ranar 16 ga Mayu 2013 bayan zango tara da kashi 201. Yaron bai taɓa karɓar albashi ba, bai taɓa zama a ƙarƙashin manaja ba, amma ya san sunan kowa a ofishin, tun daga mai karɓar baƙi har zuwa masu lodi a sito. Abin da ake yi a ofishin kuwa sayar da takarda ne, a wani reshe na kamfanin Dunder Mifflin da ke garin Scranton na jihar Pennsylvania, sana'ar da ba wanda zai ce tana da wani armashi.

Asalin shirin daga Ingila yake. Ricky Gervais da Stephen Merchant ne suka ƙirƙiro shi, tashar BBC Two ta fara nuna shi a watan Yuli 2001, kuma gaba ɗayansa kashi 14 ne idan aka haɗa da biyun da aka yi na Kirsimetin 2003. Da marubuci Greg Daniels ya ɗauko shi ya kai Amurka, zangon farko mai kashi shida bai karɓu ba. Sama da mutum miliyan 11 suka kalli kashin farko, wanda kusan kwafin na Ingila ne, amma kafin a je ko'ina rabinsu sun watse. Saura ƙiris a dakatar da shi.

Ra'ayina shi ne, abin da ya ceci shirin, kuma ya sa har yau ake kallonsa, gyaran da marubuta suka yi wa manajan ne daga zango na biyu. Michael Scott, wanda Steve Carell ya fito a matsayinsa, bai daina wauta ba, bai daina sakin maganar da ba ta dace ba, amma an nuna mana dalilinsa: mutum ne da kaɗaici ya yi wa katutu, ba shi da kowa, ya ɗauki ma'aikatansa a matsayin iyalinsa ko suna so ko ba sa so. Daga ranar da mai kallo ya gane haka, yana jin haushinsa yana kuma jin tausayinsa a lokaci guda. Ina ganin wannan ne sirrin, amma na san a nan akwai waɗanda suka fi ƙaunar na Ingila, kuma ina jiran hujjarsu.

Alhaji Garba:

Wa alaikumus salam, Malam Isiyaku. Ni ne ɗaya daga cikin waɗanda kake jira. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati kafin in ajiye, kuma na ga na Ingila gaba ɗaya, na Amurka kuwa na ga zango biyu da ɗan wani abu na tsaya. Abin da kake kira gyara, ni a wurina rage wa magani ɗaci ne har ya daina aiki.

David Brent, manajan da Gervais ya fito a matsayinsa a kamfanin Wernham Hogg na garin Slough, shi ne shugaban da kowane ma'aikaci ya taɓa haɗuwa da irinsa. Yana son a ce shi abokin kowa ne, amma da aka yi masa tayin ƙarin girma wanda zai jawo a rufe reshensa, bai yi wata-wata ba ya karɓa, ya kuma tara mutane yana gaya musu kamar albishir. Wannan ita ce gaskiyar ofis. A ƙarshen zango na biyu kuma, da aka zo sallamarsa daga aiki, duk wannan cika baki ya gushe, ya zauna gaban shugabanninsa murya na rawa yana roƙon kada a kore shi. Na kalli wurin nan ban yi dariya ba ko kaɗan, domin na taɓa ganin irinsa da idona. A wata ma'aikata da na yi aiki, shekarar da aka yi rage ma'aikata, akwai wani babba da ba ya amsa gaisuwar masinja. Ranar da takardarsa ta fito, na same shi a tsaye a bakin ofishin sakatariya, hularsa a hannu, yana tambaya ko ba a yi kuskuren suna ba. Masinjan da ba ya amsa wa gaisuwa shi ya ɗaukar masa kwalin kayansa zuwa mota.

Gervais da Merchant sun san wannan rayuwar daga ciki. Gervais ya yi shekaru yana aikin ofis a Landan kafin ya yi suna, kuma sun haɗu da Merchant ne a wani gidan rediyo inda Merchant ya zama mataimakinsa. Da suka faɗi abin da za su faɗa, sai suka tsaya a kashi 14. Har lambar yabo ta Golden Globe shirin ya ci a 2004, abin da wani shirin barkwanci na Ingila bai taɓa yi ba kafinsa, amma wannan bai sa sun ja shi ba. Amurkawa kuwa suka mayar da ofis gidan biki. Ban taɓa ganin wurin aiki inda kowa yake ƙarewa da ƙaunar kowa ba.

Nura:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in shigo ta wata ƙofar, domin ni aikina ɗaukar hoto ne, kuma abin da ya fara jan hankalina a shirye-shiryen biyu shi ne yadda ake riƙe kyamara.

Kafin wannan shiri, yawancin wasannin barkwanci na talabijin a Amurka ana ɗaukar su ne a dandamali da kyamarori uku ko huɗu, a gaban 'yan kallo, ko kuma a sa dariyar da aka naɗa tun da farko domin a nuna wa na gida inda zai yi dariya. The Office ya jefar da wannan duka. An tsara shi kamar wasu masu ɗaukar shirin rayuwar gaskiya ne suka shigo ofishin suna bin ma'aikata, don haka mutanen cikin labarin sun san ana ɗaukarsu. Wannan kaɗai ya canza komai. Michael yana yin abu ne domin kyamara ta gani, Jim kuma, ɗaya daga cikin masu sayar da takarda a ofishin, idan abin ya wuce hankali sai ya juyo ya kalli kyamarar bai ce uffan ba, mai kallo ya zama abokin sirrinsa. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma rabin barkwancin shirin nan a fuskoki yake. Idan wani ya saki magana marar daɗi, ba dariyar da za ta zo ta rufe ta. Shiru ne zai biyo baya, sai ƙarar waya da ta injin buga takarda, kai da kake kallo ka ji kunyar ta kama ka kamar kana cikin ɗakin.

Daniels bai ɗauki abin da wasa ba. Ya nemo Randall Einhorn, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a shirin gasar Survivor, inda ba a maimaita abu idan ya wuce ka. Shi ya sa za ka ga kyamara tana saurin juyawa kamar ta makara, ko tana leƙe ta tsakanin labulen taga idan mutum biyu suna maganar da ba sa so a ji. Akwai ƙa'idar da suka bi sosai a zangunan farko: duk inda mai ɗaukar hoto na gaskiya ba zai iya tsayawa ba, su ma ba za su ajiye kyamara a wurin ba. Ken Kwapis, wanda ya ba da umarni a kashin farko kuma aka dawo da shi ya yi na ƙarshe, yakan sa 'yan wasa su zauna a teburansu da safe suna aikin ofis na ƙarya, suna amsa waya suna cike takardu, ana ɗaukarsu kafin a shiga ainihin wasa. Har hotunan garin Scranton da ake nunawa a farkon shirin, John Krasinski ne, wato Jim, ya je ya ɗauko wasu daga cikinsu kafin a fara aiki, alhali sauran ɗaukar kusan duka a yankin Los Angeles aka yi.

Wurin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi amfani da makirfo. A na Ingila, da Tim, wani ma'aikacin ofishin, ya je gaya wa Dawn mai karɓar baƙi abin da ke ransa, sai ya cire makirfon da ke jikinsa, muka tsaya a bayan gilashi muna ganinsu ba ma jin komai. A na Amurka, ranar da Michael zai tafi a 2011, ya cire nasa a filin jirgi ya miƙa wa masu ɗauka, sai ga Pam, mai karɓar baƙi, a guje takalma a hannu, suka rungumi juna suka yi magana, ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Duk marubucin da ya iya barin mafi muhimmancin magana ba a ji ta ba, ya san aikinsa.

Malam Isiyaku:

Nura, ka buɗe mini ido a kan abin da nake gani ban san sunansa ba. Sai dai ina da tambaya. Salon kyamarar nan duka biyun suna da shi, har ma na Ingila ne ya fara. Idan shi ne dalili, me ya sa na Amurka ne yara suke maimaitawa sau uku sau huɗu, na Ingila kuwa yawanci sau ɗaya ake kallonsa a yaba a ajiye?

Maryam:

Malam, bari in gwada amsa maka daga inda nake zaune. Ni akanta ce, kuma a ofishinmu teburina yana lungu ne kamar na Angela da Oscar da Kevin. Abin da na Amurka ya yi wanda na Ingila bai sami lokacin yi ba shi ne ya juya ya kalli mutanen lungu. A na Ingila labarin mutum huɗu ne, sauran kuwa suna nan ne domin ofis ya cika. A na Amurka sannu a hankali kowa ya sami ransa: Stanley da ba abin da yake jira sai lokacin tashi, yana cike wasan kalmomi a wurin taro, Phyllis mai sanyin murya wadda ba a taka ta a zauna lafiya, Toby na sashen kula da ma'aikata wanda manaja ya tsana ba gaira ba dalili. Phyllis Smith ma ba 'yar wasa ba ce a lokacin, tana aiki ne tare da Allison Jones wajen tantance masu neman fitowa, tana karanta musu layi, sai aka ga ta dace aka ba ta gurbi. Wasu daga cikin marubutan, irin su Mindy Kaling da B.J. Novak da Paul Lieberstein, su ma suna cikin wasan, don haka suna zaune da 'yan wasa kullum suna ganin abin da kowa ya iya. Da gangan aka guje wa manyan taurari, aka nemi fuskokin da za ka iya haɗuwa da su a layin banki.

Baba Alhaji, ka yi mini afuwa, amma ban yarda cewa an mayar da ofishin gidan biki ba. Akwai wani kashi a zango na uku da nake so ka nema. Pam, mai karɓar baƙi, ta daɗe tana son zane amma ba ta da ƙarfin zuciyar nunawa. Aka yi bajekolin zane-zane na ɗalibai, ta gayyaci duk ofis, kusan ba wanda ya zo. Oscar ya zo da abokinsa, ta kuma ji su da kunnenta suna cewa aikin nata ba shi da wani zurfi. Tana cikin cire zanen daga bango za ta tafi, sai ga Michael ya shigo a makare, bayan shi ma an gama wulaƙanta shi a wani aji na ɗaliban kasuwanci inda aka ce kamfaninsa mutuwa zai yi. Ya tsaya gaban zanen ginin ofishinsu, ya nuna tagarsa, ya nuna motarsa, ya ce zai saya, ya kuma gaya mata yana alfahari da ita. Bai san komai game da zane ba, ginin kawai yake ƙauna, amma a wannan daren shi kaɗai ne ya ga aikinta da daraja. Washegari ma'aikatan ba su zama aminan juna ba, kowa ya koma teburinsa da halinsa.

Na taɓa yin aiki da shugaba irin wannan a wani kamfani, mai yawan surutu da son a yabe shi, wanda nake addu'ar kada ya kira taro. Da mahaifiyata ta rasu, shi ne ya fara isowa gidanmu kafin a ɗauki gawa, ya zauna a tabarma har la'asar. Zo mu zauna, zo mu saɓa, haka zaman ofis yake, kuma shirin ya nuna saɓanin da zaman duka.

Alhaji Garba:

'Yata Maryam, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa Aljanna ce makomarta. Na ji bayaninki kuma zan nemi kashin. Amma ga inda damuwata take. Idan aka saba wa mutane cewa shugaba marar iya aiki abin tausayi ne domin zuciyarsa tana da kyau, to wa zai biya kuɗin wautarsa? Na ƙasa da shi ne suke biya. Jikana ya ba ni labarin wani kashi inda Michael ya yi wa yaran wata makaranta alkawarin biya musu kuɗin jami'a, shekara goma suna rayuwa a kan wannan alkawari, ranar cikawa ya zo musu da batirin kwamfuta. A rayuwa ta gaskiya mutumin da ya yi haka ba ya sake ɗaga kai a gari. A shirin kuwa mako mai zuwa an manta, an ci gaba da sonsa. Brent ya girbi abin da ya shuka, aka kore shi, ya koma yawon tallan kayan goge-goge a mota. Wannan ya fi kama da duniyar da na sani.

Mahamadu:

Gaisuwa ga manya daga Maraɗi. Ina jin daɗin wannan muhawara, amma ina ganin kun bar wani ɓangare a baya, wato kasuwa da hanyar da shiri yake bi ya isa ga mai kallo. Kyawun rubutu shi kaɗai ba ya raya shiri.

A 2005 mutane da yawa a NBC ba su yi imani da shi ba, musamman da yake a 2003 tashar ta kwaikwayi wani shirin barkwanci na Ingila ya faɗi warwas, aka cire shi bayan kashi huɗu. Kevin Reilly, wanda yake shugabantar sashen nishaɗi, shi ya tsaya wa The Office. Sai abu biyu suka faru a cikin 'yan watanni. A watan Agusta wani fim na barkwanci da Carell ya jagoranta ya fito ya yi kasuwa sosai, tashar ta wayi gari tana da tauraro a hannu. A watan Disamba kuma aka fara sayar da shirye-shiryen NBC a iTunes, shagon intanet na kamfanin Apple, matasa suka riƙa sayen kashi-kashi suna kallo a na'urorinsu, shirin ya hau sahun gaba a wurin. A farkon 2006 Carell ya karɓi Golden Globe, a shekarar kuma shirin ya ci lambar yabo ta Emmy ta gwarzon shirin barkwanci. Ko a lokacin da yake tashe bai zama na ɗaya a yawan masu kallo ba. Mafi yawan da ya taɓa tarawa shi ne kusan miliyan 23 a watan Fabrairu 2009, shi ma domin an sa shi ne bayan wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da suke kira Super Bowl.

Ainihin girmansa ya zo ne bayan an rufe shi, da ya shiga Netflix. Kamfanin Nielsen mai ƙididdigar masu kallo ya ce a 2020, shekarar kullen korona, an kalli shirin na sama da minti biliyan 57 a Amurka kaɗai, ba wani shiri da ya kai shi a dandalin kallo ta intanet a shekarar. Ku duba, mutane suna kulle a gida an hana su zuwa ofis, sai suka zauna suna kallon ofis. Rahotanni sun ce NBCUniversal ta ware kimanin dala miliyan 500 domin ta dawo da shi dandalinta na Peacock daga Janairu 2021. Amsar tambayar Malam Isiyaku tana nan a wani ɓangaren: kashi 14 a kwana biyu ka gama, kashi 201 masu minti ashirin da ɗoriya kuwa kafin ka kai ƙarshe ka manta farko, sai ka sake komawa.

Hajiya Rabi:

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai abin da ya kamata a faɗa tunda Malam Isiyaku ya ce ɗansa ne yake kallo. Shirin nan na wata al'umma ne mai nata al'adu, kuma akwai maganganun batsa da shaye-shaye da mu'amalar maza da mata da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ni ba na zama in kalle shi da ƙananan yara, kuma ina ba iyaye shawara su san abin da ke ciki kafin su bar wa yaro waya. Wasu kalaman Michael a kan launin fata da addinin mutane ma, ko da yake an yi su ne domin a nuna jahilcinsa, yaro ƙarami zai iya ɗaukar maganar ya bar darasin.

Bayan wannan, ina so in tuna wa Alhaji wani abu da na tabbata ya sani fiye da ni. Mu da muka taso muna kallon Samanja a talabijin ta Kaduna mun san barkwancin wurin aiki tun kafin waɗannan. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya ɗauko barikin da ya sani, da tsawa da faretin da Hausar sojoji mai gauraye, ya kawo mana cikin ɗaki. Samanja yana da faɗa, yana da kuskure, na ƙasa da shi suna shan wuya a hannunsa, amma da a ce mugu ne zalla, da ba wanda zai bar abin da yake yi ya zo ya zauna gaban akwati duk mako. Mutum yana iya kallon wanda ya tsana sau ɗaya domin ya ga ƙarshensa. Wanda zai riƙa buɗe wa ƙofa shekara da shekaru kuwa dole akwai wani abu nasa da ya kwanta masa a rai. Na Ingila an yi shi ne domin a gama, na Amurka kuma domin a zauna da shi, don haka ban ga laifin kowanne ba a kan hanyar da ya ɗauka.

Nura:

Hajiya, maganarki ta tuna mini da abin da ya faru bayan tafiyar Carell a zango na bakwai, wanda yake goyon bayan Malam Isiyaku ta wata fuska. Kyamara tana nan, marubuta suna nan, an kawo ɗan wasa James Spader, an ɗora Andy, ɗaya daga cikin ma'aikatan, a kujerar manaja, amma zango na takwas ya yi rauni, har masoyan shirin ba sa musun haka. Ashe duk ofishin a jikin mutum ɗaya yake jingine. Sai da Daniels ya dawo ya riƙe zango na tara, ya fito da masu ɗaukar hoton fili, aka nuna cewa shirin da suke ɗauka shekara tara ya fita duniya ta gani, sannan labarin ya sami inda zai sauka. Abin mamaki kuma shi ne Carell bai taɓa cin Emmy a kan wannan rawar ba duk da an sa sunansa a takara sau shida.

Ga Baba Alhaji kuma, ko na Ingila bai ƙare a kan ɗaci zalla ba. A kashin Kirsimeti na 2003 Dawn ta buɗe kyautar kayan zane da Tim ya ba ta, ta fasa tafiya ta dawo wurinsa, Brent ma ya sami wadda ta saurare shi, ya kuma iya taka wa abokinsa mai raina shi burki a karon farko. Su Gervais da kansu sun sassauta a ƙarshe. Tsarin kuma ya nuna yana iya shiga kowace ƙasa: Jamus ta yi nata mai suna Stromberg a kamfanin inshora tun 2004, Faransa ta yi Le Bureau a 2006, Indiya a 2019, Saudiyya ta yi Al Maktab a 2022, Ostireliya kuma a 2024 ta sa mace a kujerar manaja. A watan Satumba 2025 Daniels ya fito da The Paper, inda masu ɗaukar hoton nan suka koma wata jarida mai fama da durƙushewa a garin Toledo, Oscar ma yana ciki.

Malam Isiyaku:

Na gode muku duka. Hajiya, na karɓi shawararki, kuma tun jiya na zauna da yaron muka yi magana a kan abin da ake ɗauka da abin da ake bari. Na kuma tambaye shi kai tsaye me yake samu a ciki. Ya ce idan ya dawo daga makaranta a gajiye ba ya son sabon labari da zai sa shi tunani, yana son wurin da ya san kowa, ya san inda kowa yake zama, ya san abin da Dwight, wani ma'aikacin ofishin, zai ce kafin ya buɗe baki. Ya ce wani lokaci ko kallon fuskar wayar ba ya yi, muryoyin kawai yake bari suna tashi yana wanki. Wannan ya haɗa maganar Mahamadu da ta Maryam. Amma Alhaji, har yanzu tambayarka a kan wanda ke biyan kuɗin wautar shugaba tana nan a raina, domin ni ma yanzu akwai mutum tara a ƙarƙashina, kuma ban san irin kallon da suke yi wa juna idan na juya baya ba.

Alhaji Garba:

Jama'a, na cika alkawari. Jikana ya nemo mini kashin da Maryam ta ambata, muka kalla bayan sallar isha'i, ya kuma matsa sai na ga na ƙarshen shirin gaba ɗaya.

Ban sauya ra'ayi a kan cewa na Ingila ya fi faɗin gaskiya game da mulki a wurin aiki ba, kuma har yanzu ina ganin an yafe wa Michael abubuwan da bai kamata a yafe ba. Amma 'yata Maryam, wurin zanen nan ya taɓa ni. Na lura da abin da ba ki faɗa ba: da ya koma ofis cikin dare, shi kaɗai, ya rataye zanen a bango a cikin firam, ya tsaya yana dubansa. A kashin ƙarshe kuma, bayan shekara shida, da kowa ya tashi zai fita, Pam ta je ta sauke shi daga bangon ta tafi da shi.

Ranar da na ajiye aiki an yi mini walima da jawabai, an ba ni agogon bango mai ɗauke da sunana, yana cikin kwalinsa har yau. Abin da na ɗauko da hannuna daga ofishin shi ne wata tsohuwar butar shayi mai lanƙwasasshen hannu, wadda mu huɗu muka yi karo-karo muka saya a shekarar da aka ɗauke mu aiki. Biyu daga cikinmu sun rasu, na ukun yana Gusau ba ya gani sosai. Nura, idan ka sami lokaci ka rubuto mini lambobin kashin zango na uku da na huɗu da kake ganin sun fi, in ba yaron ya nemo mini su.